Hannun da Labbo Ya Ɗaga

Rannan na je aski a nan Gusau, na tarar samari sun yi cincirindo a gaban talabijin suna ihu, wai tseren iyo ake yi cikin teku a wata ƙasa. Na zauna jiran layi, na ce bari in kalla. Kai, da ma ban duba ba! An zuba mutane cikin ruwa lokaci guda kamar wake a tukunya, kowa ya tusa fuska ƙasa, wannan na hawa kan wancan, wancan na zungurin wannan da gwiwar hannu, ba mai waiwayen ɗan uwansa. Wanda ya riga fita kuwa sai ya haye tudu da gudu yana tsalle, alhali sauran suna can ruwa na wasa da su. Na ce tir, wannan turmutsutsu ne, ba iyo ba. Mai askin ya yi dariya ya ce, “Baba, kai kuma me ka sani a kan iyo?” Na yi masa shiru. Ba rainin da ya yi mini ne ya rufe mini baki ba. Irin iyon nan da nake tsine wa, ni ma na taɓa yin sa sau ɗaya, kuma abokina Labbo ne ya ɗauki laifin a kansa, ina ji ina gani. Tun muna samari nake ɗauke da maganar, ban taɓa buɗe baki na faɗi gaskiya ba.

Ƙauyenmu yana bakin gulbi, ƙasa da Bungudu kaɗan, kuma a wancan zamani babu gada kusa da mu. Da rani ruwan kan janye, jakuna su bi ta kan rairayi, mata su tona ’yan ramuka su kwarfi ruwan sha. Amma da zarar damina ta zauna, sai gulbi ya tashi jawur, yana tafe da kututture da karan dawa, wata rana har da mushen akuya. Ko ina kake a gari kana jin rurinsa. A kan rurin nan kuma ga tim-tim ɗin mata masu bugun wanki a kan dutse, ga Fulani suna kiran shanu da suna, ga wani can a ƙetare ya haɗa hannuwa a baki yana kwarmato, “A fito da mu!” Masu fito su ne ke ƙetarar da mutane. Ba jirgi gare su ba, gora ce ƙatuwa wadda ƙaramin yaro zai shige ciki ya ɓace. A zuba kayan mutum a ciki, shi ya rungume ta ta gefe guda, mai fito ya riƙe ɗaya gefen yana iyo da ƙafa har ya kai shi gaci. Ranar kasuwa tun hantsi har la’asar ba su hutawa. Yanzu je ka duba wurin. Manyan motoci ne ke shiga har tsakiya suna ɗibar yashi, sun bar ramuka, leda ta maƙale a kowace saiwa, kuma ruwan da ya rage ko akuya ba zai jiƙa wa ciki ba sai in an yi ambaliya. In ka ce wa yaro a nan aka yi fito, kallon mai zuƙi ta malle zai yi maka.

Babban masu fito na garinmu shi ne mahaifin Labbo. Baba kawai muke ce masa, yaro da babba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kullum da goro a kumatu, magana kuwa sai ta zama dole. Ni mahaifina ya rasu tun ban yi wayo ba, daga ni sai Inna, ga gona ’yar mitsitsiya. Baba ne ya ga ina bin ɗansa kamar jela, ya ce in riƙa zuwa bakin ruwa. Tare ya koya mana, tare ya zane mu, kwano ɗaya muke ci. Kafin ya bar mu mu taɓa ruwa sai mun shafe gorunan da mai, mun duba ko akwai tsaga, mun kife su a inuwa, mun ɗebo wa matarsa itace. Labbo ya gaji ubansa a jiki da hali, ba ya gaggawa, ba ya gardama. Ni kuwa dogo ne siriri, shi ya sa ake ce mini Dogo, ga ni da baki, ga son a ce ni ne. Wannan hali har yau bai sake ni ba, matata ce shaida.

Iyo iri-iri ne, kowane da wurinsa. Yara kan fara da iyon kare, suna yaƙushin ruwa suna shan rabi. Sai na kwaɗo, wanda ake yi inda ruwa ya kwanta, kai a sama, kana hira da na kusa da kai. In ka gaji sai ka yi rigingine ka huta, amma ba a tsakiyar igiyar ruwa ba, don can za ta juya ka ba ka san inda ka dosa ba. Iyon manya shi ne na gefe. Ka kwanta a kan haƙarƙari, hannu ɗaya na ja, ɗaya na turawa, fuskarka a waje tana duban inda ruwa ke gangarawa. Baba ya sha gaya mana dalili. Duk wanda ya gaza, ƙasa ruwa zai ja shi, to dole idonka ya kasance can. Yakan ce, “In kana gaba, na baya amanarka ne. Ba don ka fi shi aka sa ka gaba ba.”

Kowace shekara, in gero ya fara nuna, akan yi tseren samari, wanda ya ci a ba shi gora ya shiga cikin masu fito. Ba ƙaramin abu ba ne. Mai fito ba ya rasa hatsi a rumbu, ba ya rasa matar aure, kuma in ya yi magana a dandali ana saurare. Tseren yana da ladabinsa, ba a rubuce ba amma kowa ya haddace. Ba ka taɓa ƙafar na gabanka. Ba ka watsa wa wani ruwa a ido. Ba nutso. In za ka wuce mutum sai ka bi ta ƙasansa, don in ya kuɓuce ya faɗo a jikinka. In ka riga kowa isa, ba ka hawa tudu, sai ka tsaya ruwa iya ƙirji har na ƙarshe ya iso, ku fita tare. Amma manyan dokoki biyu ne, kuma duka a kan hannu suke. Wanda ya ji zai gaza, wajibi ne ya ɗaga hannu sama, daga nan tsere ya tashi, kowa ya juyo kansa. Wanda ya gaza ya ƙi ɗagawa don girman kai, ba shi ba gora, domin mai ɓoye gajiyarsa wata rana zai nutse da matan mutane. Wanda kuma ya ga hannu ya wuce, nasa ya fi muni. Ba ya sake shiga gulbin, ba mai sa hannu a kwanonsa, ba mai ba shi ɗiya. A taƙaice sai dai ya bar gari.

Akwai wuri guda a hanyar tseren da muke kira Maƙogwaro, inda ruwa ke matsewa tsakanin wasu manyan duwatsu biyu. Duk wanda ya shiga nan ya ɓace wa mutanen gaɓa, na wannan gefe da na wancan, sai ya ɓullo. A nan babu mai ganin ka sai Allah da wanda kuke ciki tare. Don wannan wuri aka yi dokokin.

A shekarar da muka isa shiga tsere, wani ɗan garinmu ya dawo daga soja. A wurinsa muka fara ganin mutum ya kifa ciki, ya tusa fuska cikin ruwa, yana wurga hannuwa ɗaya bayan ɗaya, sai can ya karkato kai ya ja numfashi ya mayar. Gudu kamar kifi! Muka sa masa suna iyon soja. Baba ya tsaya ya kalle shi sau ɗaya, ya tofar da goro ya ce, “Wanga iyo na wanda ba shi da kowa ne.” Bai ƙara ba, kuma kowa ya gane ba a yin sa a tsere. Ni dai abin ya shiga raina. Na san a iyon gefe ko shekara goma za mu yi ba zan wuce Labbo ba, ga kuma dogayen hannuwan nan nawa kamar don wannan aka yi su. Sai na riƙa sulalewa da rana tsaka, in an tashi daga gona, in je can sama inda shanu ke shan ruwa ina gwadawa ni kaɗai. Na gaya wa kaina wasa nake yi. Ƙarya nake, na san abin da nake shiryawa. Ina son gorar nan, ina son Inna ta daina surfen mutane, kuma, Allah na tuba, ina son a ce maraya ya kayar da ɗan Baba.

Ranar tsere da hantsi gari ya fito. Mu tara muka shiga. Tun kafin rabi ni da Labbo muka bar sauran a baya, yana gabana kaɗan, muna kwance a gefe kamar yadda aka koya mana. Da muka shiga Maƙogwaro, hayaniyar mutane ta yanke, sai rurin ruwa kawai. Nan na kifa. Na tusa fuska na shiga wurga hannu, na wuce shi ta sama, ba ta ƙasa ba, har na ji ƙafata ta shafi wani abu. Na karkato kai zan ja numfashi, sai na gan shi. Ya koma ƙasa da ni, ruwa na jan sa, bakinsa a buɗe, hannunsa na dama a sama, yatsu biyar a ware. Idanunmu suka haɗu. Wallahi sun haɗu. Da na juya a lokacin, tsakaninmu bai fi tsawon gora uku ba. Sai na mayar da fuskata cikin ruwa. Na sha tambayar kaina me na yi tunani, kuma amsar ba ta da daɗi. Na ce ai Labbo ne, ɗan Baba, ruwa ba zai ci shi ba, bari in taɓa gaci tukuna.

Kafin in ɓullo na koma iyon gefe. Aka yi ta guɗa. Na tsaya ruwa iya ƙirji kamar mutumin kirki ina jiran na baya, suka iso ɗaya bayan ɗaya, mu takwas. Guɗa ta mutu. Masu fito suka faɗa ruwa da gorunansu, mata suka bi gaɓa da gudu suna salati. Sai can ƙasa da gari aka same shi, ya rungume saiwar wata giyayya, jijiyar ƙafarsa ta naɗe, ya sha ruwa har ba ya iya magana. Aka kwantar da shi a rairayi aka danna cikinsa. Ni ina cikin masu riƙe masa kai, don rashin kunya.

Da la’asar, bayan ya farfaɗo, Baba ya tara mu a gindin tsamiyar mashaya, gaban dattawa. Ni ya fara duba.

“Dogo, kai ke gaba a Maƙogwaro?”

“Ni ne, Baba.”

“Da wane iyo?”

“Na gefe.”

“To, mi ka gani?”

Na ce ban ga komai ba. Kowa ya san abin da ya rage. Mai iyon gefe ba ya rasa ganin hannu. Ko dai na gani na wuce, ko kuwa ba a ɗaga ba. Baba ya juya wurin ɗansa, wanda ke zaune an lulluɓe shi da zane yana rawar sanyi.

“Labbo, ka ɗaga hannu?”

Labbo ya dube ni. Bai daɗe ba, amma ni na ji kamar an yini. Ya dubi Inna, tana can bayan mata ta dafe ƙirji. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, “Ban ɗaga ba, Baba. Na ɗauka zan iya.”

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ashe ban haifi mai fito ba.” Ya tashi da kansa ya ɗauko gora ya ajiye a gabana. Ina da baki a lokacin, irin bakin nan da ba ya gajiya da surutu, amma ko tari ban yi ba. Na sa hannu na karɓa.

Na ɗauka abin na shekara guda ne, Baba zai huce. Ina jin Labbo ma haka ya ɗauka. Ba mu san mutumin ba. Da a ce ɗan wani ne, wataƙila da ya sassauta, amma nasa ne, kuma ba zai yarda a ce ya lanƙwasa doka don jininsa ba. Bai kore shi ba, bai zage shi ba, sai dai ya daina kiransa bakin ruwa, kuma in suna zaune ya daina duban fuskarsa. Samari suka sa masa waƙar tsiya. Damina biyu Labbo ya yi yana kallon mu daga tudu, fartanya a kafaɗa, sannan ya tattara ya tafi Tsafe wurin wani kawunsa, ya kama sayar da rake a bakin titi. Mutumin da aka haifa don gulbi ya ƙare yana fere wa fasinjoji rake ta tagar mota. Ni kuwa na zama ɗan gaban goshin Baba. Na yi fito shekaru da yawa, ban taɓa rasa ko akuya ba, kuma ban sake kifa ciki a ruwa ba. Mutane na yabon kulata, ba su san tsoro ne ba. Da ciwon ajali ya kama Baba, ni ya kira ya ba ni gorarsa ta kansa, ya ce ni ne na riƙe masa amana. Ka ji fa. Ga shi kwance, ga ni durƙushe, babu kowa sai mu biyu, da na faɗa masa a ranar da an sami sauran gyara. Na ce Allah ya ba ni ikon riƙewa, na fito. Labbo ya iso an riga an kai shi.

Daga baya aka yi gada, fito ya mutu, na dawo Gusau na kama sayar da hatsi. Zumunci bai yanke ba. In an yi haihuwa ina zuwa Tsafe, in an yi rasuwa yana zuwa Gusau. Mu gaisa, mu yi maganar damina da tsadar taki da ciwon gwiwa, amma ko da wasa ɗayanmu bai taɓa ambaton gulbi ba. Kullum in zan tafi sai in ce yau zan faɗa, kullum in dawo da abata. Dattawan gindin tsamiya suka tafi ɗaya bayan ɗaya, Inna ta bi su, sauran samari bakwai ɗin nan ma babu ko ɗaya.

Bayan askin nan da kwana uku aka aiko mini cewa Labbo yana kwance, ƙafafu sun kumbura. Hanyar Tsafe yanzu ba a bin ta da ganganci, ’ya’yana suka ce in bari a kira shi a waya. Na ce wannan magana ba ta waya ba ce. Na shiga motar safe. Na same shi a zaure a kan tabarma, an jingina shi da bango, ƙirjin nan mai faɗi ya zube. Ya gan ni ya yi murmushi.

“Dogo, kai ne da sassafe haka? Ko an ce maka na mutu?”

“Ina fa, kai da za ka binne mu duka.”

Muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. ’Yarsa ta kawo fura ta koma. Na matsa kusa, na ce ina da magana. Ya ce yana ji. Sai na faɗa masa duka, ban rage ba. Na faɗi yadda na koyi iyon soja a ɓoye, da yadda na wuce shi ta sama, da ƙafata da na ji ta taɓa shi. Na ce, “Labbo, na ga hannunka. Na gan shi sarai, na wuce. Ka yafe mini don Allah.” Ina faɗa ina kuka, tsoho da ni, majina har gemu.

Ya dubi ƙafafunsa. Can ya ce, “Awo, na yafe. Tun a gindin tsamiya na yafe, in ba haka ba da ban rufa maka ba. Inna nake dubawa, da wa za ta zauna in an kore ka?”

Na ji wani sanyi ya fara sauko mini, har na buɗe baki zan yi godiya. Ya ɗaga mini hannu in dakata.

“Amma Dogo, wanga labari da ka sha hanya ka kawo mini, ai ni na san shi. Ina wurin. Baba ne bai sani ba. Shekara ashirin yana raye ina jira ka je ka gaya masa. Duk motar da ta tsaya daga wajenku sai na leƙa, ko an aiko in koma gida.”

Ya juya fuskarsa wajen bango, ya ja bargo, ya ce in sha furar kada ta tsinke, kuma in kama hanya da wuri tun ana samun mota.